Ingilishi ya zama harshen aiki, amma bakin ƴan kwaleji a rufe yake

Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa a birnin Yamai. Cikin abubuwan da ya tsai da akwai maganar harsuna: Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa su ne harsunan aiki. Jama'a sun daɗe suna tattauna rabin farko na wannan magana, a fada da kasuwa da gidajen rediyo, waɗansu na murna, waɗansu na tambayar makomar Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu. Rabi na biyu kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba. Alhali kuwa in an ce harshe na aiki ne, abin nufi shi ne ma'aikaci zai karɓi baƙo da shi, ya amsa waya da shi, ya zauna taro ya kare ra'ayin ƙasarsa da shi. Duk waɗannan da baki ake yin su. To, ina masu bakin?

Ingilishi ba baƙo ba ne a makarantunmu. Za mu riƙa ce masa Ingilishi, domin a ƙasar nan in ka ce Turanci, mutane da yawa Faransanci za su ɗauka. Yaro yana soma shi tun ajin siziyam, watau shekarar farko ta kwaleji, ya yi shekara 4 har birebe. In Allah ya sa ya wuce lise, ya ƙara shekara 3 har bak. Shekara 7 ke nan. A cikin shekara 7 yaron makaniki yakan gama koyon sana'a har ya buɗe garejin kansa. Amma ɗauki ɗalibin da ya ci bak ka tsai da shi gaban direban da ya taso daga Legas ko Akara, ka ce ya kwatanta masa hanyar tasha. Zai yi gaisuwa, ya faɗi sunansa, daga nan sai murmushi da nuni da hannu. Ka miƙa masa takarda kuwa, sai ka ga yana juya kalmomi yana cika gurabe ba gargada. Harshen yana cikin kayensa, bai sauko bakinsa ba.

In ka tambayi malamai dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce kunya. Su ce yaranmu an tarbiyyantar da su kada su ɗaga murya gaban babba, kada su dubi idonsa, to yaya za su tashi su yi ta surutu gaban mushe? Akwai gaskiya a ciki, musamman ga ƴan mata. Yarinya mai shekara 14 da ta miƙe gaban samari ta karya harshe ta san abin da za a kira ta da shi a hanyar gida, ta kuma san zai bi ta har unguwa. Sai dai kunya ba ta isa ta ɗauki laifin duka ba. Yaron nan da ya sunkuyar da kai a aji, je ka same shi ranar kasuwa yana ciniki da mutumin da ya girmi ubansa, ka ji yadda baki ke zuba. Yarinyar nan kuma ita ce ke tallar goro tana mai da wa kowa amsarsa. Ƴaƴanmu suna tashi da harshe biyu ko uku ba wanda ya zaunar da su: Bahaushen Yamai yana Zabarmanci, Babarbaren Gure yana Hausa. Mutanen da ke ɗaukar harsuna haka, in suka yi shekara 7 gaban harshe guda bakinsu bai buɗe ba, kamata ya yi a binciki ɗakin da aka zaunar da su kafin a binciki halinsu.

Mu soma da lissafi, domin shi ba ya son kai. Mu ɗauka aji mai yara 80, abin da ba wanda zai yi mamakinsa a kwalejojin Maraɗi ko Damagaram. Darasi awa guda ne. Shiga da zama da kiran suna da share allo su ci minti 10. Bayanin malam da kwafar abin da ya rubuta su ci minti 30, tun da ba kowane yaro ke da littafi ba. Saura minti 20. In malam adali ne, ya raba su daidai wa daida, kowane yaro zai samu sakan 15. Mu ce ana yin darasin sau 4 a mako, mako 30 a shekara: rabon yaro minti 30 ne a shekara guda, watau awa 3 da rabi a shekara 7. Wannan fa in ba yajin aiki, ba rashin lafiyar malam, ba jinkirin komawa makaranta. A zahiri kuma ba a raba shi daidai. Yara biyar ko shida na tebur na gaba, waɗanda galibi ƴaƴan ma'aikata ne masu littafi da fitila a gida, su ke cinye rabon sauran. Na baya yakan gama shekara abin da ya furta shi kaɗai bai wuce amsa kiran suna ba.

Wani zai ce ai ana maimaitawa baki ɗaya. Haka ne, malam ya faɗi jimla, aji ya amsa kamar ana karatun allo, har makwabta su ji. Wannan yana da amfaninsa wajen saba wa kunne da harshe. Amma cikin murya 80 ba a jin wanda ya faɗa daidai da wanda ke motsa leɓe kawai, kuma maimaita maganar wani daban take da ƙirƙiro taka. A ajin zana abin ya fi wuya. Bango na kara ne, abin da aka faɗa a nan ana jin sa a can, in malamin Ingilishi ya bar yara suka yi magana, malamin lissafi na makwabtaka zai leƙo ya yi ƙorafi, darekta kuma ya ɗauka ajin ba shi da mai tsawatarwa. A makarantunmu ajin da ya yi tsit shi ake yabo. Ga darasin harshe kuwa tsit alamar ba a aiki ce.

Sa'an nan ga maganar maki. Yaro ba wawa ba ne, ya san inda ake biyan ladan wahala. Makin da ke kai shi aji na gaba, ko ya sa a kore shi, daga takarda yake fitowa: tambayoyin ba-zata, da aikin da ake yi a aji, da kwampozisiyo. Wanda ya haddace jerin kalmomin da ba su bin ƙa'ida zai samu 15 bisa 20 ko da bai taɓa buɗe baki ba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya miƙe ya yi magana ba abin da ake rubuta masa, sai dariyar abokai. Malam ma haka: insifekta in ya zo, abin da zai duba shi ne ina aka kai a tsarin karatu na shekara, darekta kuma yana jiran yawan waɗanda za su ci birebe. Ba wanda ke tambaya yara nawa suka iya riƙe zance na minti biyu. Abin da ba a aunawa kuwa, in lokaci ya ƙure, shi ake fara zubarwa.

Dariyar nan kada a raina ta. Tsofaffin ƴan lakkwal suna tune da sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi harshen gidansu, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. An daina shi a hukumance, amma darasin da ya koyar bai mutu ba: a makaranta, buɗe baki hatsari ne, shiru shi ne mafaka. Yau malam ne ke katse yaro tun kalma ta biyu don ya gyara masa, ya sake katse shi a ta huɗu, aji ya kwashe da dariya, yaro ya zauna ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara ba. Malamin bai yi da mugunta ba, haka shi ma aka yi masa. Mun gaji wata ɗabi'a daga makarantar Faransa, inda a darasin shifta kowane kuskure ake cire masa maki har a kai ga sifiri, sai muka ɗauka harshe abu ne da ba a taɓa shi sai an ƙware. To, ba a koyon iyo a tudu.

Akwai kuma wani shinge da ba a cika ambata ba, wanda a ganinmu ya fi sauran tsawo. Ingilishi ta ƙofar Faransanci yake shigo wa yaranmu. Malam in zai bayyana kalma, da Faransanci zai fassara ta; in zai bayyana ƙa'ida, da ta Faransanci zai kwatanta. Ana yin haka bisa zaton cewa yaron da ya gama shekara 6 na firamare ya riƙe Faransanci da kyau. Binciken PASEC, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke auna makarantunsu da shi, ya nuna a shekarar 2014 cewa cikin yaran Nijar 10 na ƙarshen firamare ko ɗaya cikakke bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. A 2019 abin ya gyaru zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa suna baya. Watau yaron siziyam ya yi tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak, ya juya shi zuwa Faransancin da bai zauna masa ba, sa'an nan ya sake juyawa zuwa Ingilishi, duk cikin sakan 15, ga mutum 79 suna kallonsa. Kafin ya ƙetare gada ta biyu malam ya kira wani.

Abin takaici shi ne, sau da yawa hanyar da ta bi ta harshen gida ta fi gajarta. Bari mu kawo misali da Hausa, tun da ita muke rubutu da ita. Bahaushe yana bambanta “ina cin tuwo” da “nakan ci tuwo”: na farko yanzu ake yi, na biyu al'ada ce. Ingilishi ma yana da wannan bambanci, kuma yana cikin darussan farko da ke ba ƴan siziyam wahala. Faransanci kuwa da siga guda yakan faɗi duka biyun. Malam zai yi rabin awa yana zagaye da Faransanci, alhali jimla biyu na Hausa sun isa. Haka wajen furuci. Sautin “h” na “hanya” da sautin “c” na “ciki” duk suna cikin Ingilishi, yaro ya zo da su daga gida, amma Faransanci ya koya masa ya haɗiye “h” in ya gan ta a rubuce. Bahaushe yana jin bambancin gari na mutane da gari na tuwo, ɗaya gajeren wasali, ɗaya dogo, kuma kunnen da ya saba da wannan ba zai sha wuya da ire-irensa na Ingilishi ba. Inda harshenmu ke da tasa matsala, kamar rarrabe “p” da “f”, ko haɗa baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, nan ma malamin da ya san tushen abin ya fi saurin magance shi.

Kalmomi ma yaro bai zo hannu wofi ba. Mota, direba, fasinja, taya, birki, tela, bokiti, tebur, asibiti, likita, soja: duk daga Ingilishi suka shigo Hausa, suka ƙetaro iyaka tare da fatake. Yaron da aka nuna masa a makon farko cewa ya riga ya san kalmomi da dama na wannan harshe, zai dube shi da wani ido. Ba yau ƙasarmu ta fara gwada amfani da harshen gida a makaranta ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke somawa da Hausa kafin Faransanci, kuma binciken da aka yi a kan irin waɗannan makarantu bai nuna sun bar yara a baya ba. Dokar ilimi ta 1998 ma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Amma a ajin Ingilishi har yanzu malami da yawa yana jin kamar ya yi abin kunya in kalmar Hausa ta kuɓuce masa. Ba muna cewa a mai da darasin hira da Hausa ba, in an yi haka an koma gidan jiya. A ajin da ya haɗa yara masu harsuna dabam-dabam kuma tilas malam ya yi hattara kada ya bar waɗansu a baya. Muna cewa ne minti guda na harshen gida, a inda ya dace, yakan ceto minti 20 da za a ba yara su yi Ingilishi.

Shi kansa malamin fa? Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen Ingilishi, tana kuma da babbar makarantar horon malamai, kuma sun fitar da ƙwararru waɗanda ba a jin kunyar kai su ko'ina. Sai dai kwalejoji sun yawaita har cikin ƙauyuka, sun fi ƙarfin abin da ake yayewa, aka cike gurbi da ƴan kwantaragi da matasa masu hidimar ƙasa, waɗansu ba su taɓa samun horon koyarwa ba. Su ma a irin wannan aji mai shiru suka yi karatu. Mutumin da ba shi da tabbacin bakinsa ba zai buɗe ƙofar da yaro zai jefo masa tambayar da bai shirya mata ba. Allo da alli da ƙa'idojin nahawu sun fi masa kwanciyar hankali. Ga shi an tura shi ƙauyen da ba wanda zai yi Ingilishi da shi daga Oktoba har Yuni, albashi kuma wani lokaci sai ya yi jira. Harshe kamar wuƙa ne, in ba a wasa shi sai ya dakushe.

Dattawa za su tuna da matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps. Rukunin farko da ya sauka a ƙasar nan a 1962 malaman Ingilishi ne, kuma shekaru da dama ƴan kwaleji sun ji harshen daga bakin masu shi. Shirin ya tsaya a watan Janairu na 2011 saboda matsalar tsaro. Waɗansu na ganin tun da baƙin suka tafi ba sauran dabara. Mu ba mu ga haka ba. Iyakarmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai cika kilomita 100 ba, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela kuwa ɗan taƙi ne. A Katsina da Sakkwato da Kano akwai jami'o'i da makarantun horon malamai da ke aiki da Ingilishi, malamansu kuma suna jin Hausa, sun san inda harshen yaronmu ke tuntuɓe. Su ma can suna neman masu koya musu Faransanci. Musayar malamai ta wata guda lokacin hutun damina ba ta bukatar jirgin sama.

Amma kafin nan sai mun gyara wani ra'ayi. A ajinmu, yaron da ya yi zama a Kano ko Legas ya dawo da ɗan Ingilishinsa, maimakon a ɗora a kan abin da ya zo da shi, sai a ce masa wannan buroka ne, ya rufe baki. Gaskiya ne buroka daban, Ingilishin makaranta daban, kuma wajibi ne a nuna masa bambancin. Sai dai yaron nan ya mallaki abin da sauran 79 ba su da shi, watau rashin tsoro. Ingilishin da ma'aikacinmu zai yi aiki da shi kuma ba na fadar Ingila ba ne. Da ɗan kasuwar Nijeriya zai yi shi, da jami'in tashar jirgin ruwa ta Tema a Gana, da injiniyan Sin na matatar man Damagaram da aka buɗe a 2011, da likitan Indiya, da ɗan kwangilar Turkiyya. Kowanensu da karin harshensa, ba kuma wanda ke jin kunyar nasa.

Me za a iya yi da abin da ke hannu? Mu koma ga lissafinmu. In malam ya ce kowane yaro ya juya ga na kusa da shi su yi zance biyu-biyu na minti 10, ɗaya mai sayen shinkafa ɗaya mai sayarwa, kowa ya samu minti 5. Ninki 20 ke nan na sakan 15 ɗin nan, ba a ƙara ko dala a kasafin kuɗi ba. Mai jin kunyar mutum 79 ba ya jin kunyar abokin zamansa, yarinya kuma ta yi da ƴar uwarta. Za a yi hayaniya, waɗansu za su zame su koma Hausa, kuskure zai wuce ba a gyara ba. Duk da haka ya fi shiru. Abin da malam ke bukata shi ne darekta da insifekta su san wannan hayaniya aiki ce, in ajin zana ne kuma a bar shi ya fita da yara gindin itace. Gyaran kuskure a jinkirta shi sai yaro ya kai aya, a tara a yi wa aji duka ba tare da kiran suna ba.

Na'ura ma ba ta gagare mu ba. Ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo tun 1962, ta kuma soma koyarwa ta talabijin a 1964 tun kafin ƙasashe da yawa na Afirka, ba za ta kasa ɗaukar darussan littafin kwaleji a murya ba. Yau kusan kowane malami yana da salula. Ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana ta isa aji ya ji muryoyi iri-iri, na maza da na mata, na Afirka da na waje, shi ma malam ya riƙa wasa nasa harshen.

Sai dai duk wannan zai tsaya ga malamai masu himma kaɗai muddin ba a taɓa maki ba. Nan ne hukuma ke da aiki. In ma'aikatar ilimi ta tsai da cewa wani kaso na makin Ingilishi na kowane zango daga magana zai fito, a kuma ba magana nauyi na gaske a birebe, cikin shekara guda iyaye da yara da masu darasin yamma duk za su juya. Abin yana da tsada, kada mu ɓoye. Sauraron yaro guda na minti 5, a aji mai 80, ya kusa awa 7, malami guda kuma yakan riƙe aji huɗu ko biyar. Makin baka ya fi na takarda saukin son kai, domin ba ya barin shaida, saboda haka sai an tsara ma'auni bayyananne, a horar da masu aunawa, a kuma riƙa zaunar da su biyu-biyu. Ana iya somawa da ajin siziyam a ƴan kwalejoji kaɗan na kowace jiha, a ga abin da shekara za ta haifar kafin a faɗaɗa. Yaran da suka shiga siziyam a Oktoban 2025, shekarar da aka ƙaddamar da Kundin, in komai ya tafi daidai za su zauna birebe a 2029, bak kuwa a 2032.